JAWABI: ƊAN TAKARA, HALINSA AKE DUBI, BA FATARSA BA

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, maza da mata.

Jawabin yau bisa zaɓen shugaban ƙasa na 2020 da 2021 ne, da darasin da ke cikinsa.

Kowa nan ya san Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji cikin ƙasar Illela. Sau huɗu ya yi takara bai samu ba: 1993, 1996, 1999 da 2004. Bai yi fushi ya bar fage ba. A 2011 ya ci zaɓe. Mahaƙurci mawadaci.

Da wa'adinsa na biyu ya kusa cika, jam'iyyarsa PNDS-Tarayya ta tsai da Mohamed Bazum. Shi Balarabe ne, ɗan makiyaya. An haife shi a 1960 cikin jihar Diffa, ya tashi wajen Tasker. Danginsa ba su da yawa cikin Nijar. Karatu ne ya fid da shi daga daji. Ya je jami'ar Dakar, ya komo ya zama malamin makaranta. Ya shiga ƙungiyar malamai, can ya koyi magana gaban taro. A 1990 shi da Isufu da abokansu sunka kafa jam'iyya. Daga baya ya riƙe ministan harkokin waje, da na cikin gida.

Lokacin yaƙin neman zaɓe sai magana ta tashi. Waɗansu sunka ce ba ɗan ƙasa ba ne na asali. Waɗansu sunka riƙa zancen farar fatarsa a kasuwa da cikin wayoyi. Anka kai ƙara kotun tsarin mulki. Kotu ta duba takardunsa, ta ce ya cancanci takara.

Anka jefa ƙuri'a ran 27 ga Disamba 2020. Ba wanda ya samu rabi. Anka koma ran 21 ga Fabrairu 2021, tsakaninsa da Mahaman Usman. Bazum ya samu fiye da kashi 55 cikin 100. Jihar Tawa, ƙasar Hausawa da Abzinawa da Fulani, ta ba shi ƙuri'u masu ɗimbin yawa. Abokan hamayya ba su yarda da sakamakon ba, har anka yi tarzoma a Yamai. Ya kama mulki ran 2 ga Afrilu 2021. Soja sunka sauke shi ran 26 ga Yuli 2023.

To jama'a, son ɗan takara ko ƙinsa haƙƙinku ne. Amma in ya zo garinku, ku tambaye shi rijiya, da likita, da makaranta, da takin zamani na garakar albasa. Ku tambayi aikin da ya taɓa yi. Ranar kasuwar Ƙonni, Bahaushe da Buzu da Bafillace inuwa ɗaya suke sha. Wanda ya zuga ku da zancen ƙabila, bayan zaɓe gida zai koma, ya bar ku da maƙwabcin da kunka ɓata da shi.

Ku ci gaba da karatu, don kowa ya karanta takarda da idonsa. Allah shi ba mu zaman lafiya. Amin.