Jawabi a kan maganin da ke bin dashen ƙoda



In ciwon ƙoda ya kama ɗan gari, mukan haɗa kuɗi a kai shi wankin ƙoda babbar asibitin Damagaram. Mai hali kuma ya nufi Kano, inda asibitin Malam Aminu Kano ta fara dashen ƙoda a 2002. To, maganata ta yau ita ce abin da ke biyo bayan dashe.

Jikin mutum yana da dakaru masu korar baƙo. Ƙodar da aka dasa baƙuwa ce gare su, ko da ta ƙane ce. Dashen farko da ya ɗore, a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Saura duka sai da maganin da ke kwantar da dakarun nan, kullum, muddin ƙodar na aiki.

Lokotoro yakan haɗa iri uku.

Na farko, ciclosporine ko tacrolimus. Ciclosporine ya yaɗu tun 1983. Yana kumbura dadashi, ya tsiro gashi a fuska, ya hau da jini. Tacrolimus ya zo daga baya, ya fi shi tsare ƙoda, amma yana kawo rawar hannu da ciwon suga. Dukansu in sun yi yawa a jini, ƙodar da suke gadi suke ɓatawa. Shi ya sa ake awon jini a kai a kai.

Na biyu, azathioprine ko mycophénolate. Azathioprine tsoho ne, mai sauƙin kuɗi. Mycophénolate ya fi ƙarfi, sai dai yana sa zawo, kuma yana lahanta ɗan ciki. Mace mai son haihuwa ta faɗa wa lokotoro tun da wuri, a sauya mata.

Na uku, prednisone: yana kumbura fuska, ya ƙara ƙiba, ya raunana ƙashi.

Tun da dakaru sun yi sanyi, cuta na saurin shiga. Zazzaɓi ko tari, a tafi asibiti ranar nan. Rifampicine na tarin fuka yana rage ƙarfin tacrolimus, don haka kowane lokotoro ya san mai dashe ne ke gabansa. Kada a ƙara jiƙo ko sassaƙe, kada a sayi ƙwaya a tebur.

Dattawa, ga roƙona. Mai dashe yakan bar magani in kuɗi sun ƙare, ko in ya ji sauƙi. Nan ƙodar ke mutuwa, kyautar ɗan'uwa ta tafi a banza. In za mu tara kuɗin aiki, mu ware na maganin kowane wata a asusun ƙungiya, ƴan ci-rani su ɗauki rabonsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.