Cutar Fakinsan da Kuɗin Bincike: Ina Rabon Duwala?



Kowa a zauren nan ya san dattijon da hannunsa ke karkarwa ko yana zaune, yana jan ƙafa in zai tafi masallaci, fuskarsa ta daskare. A unguwarmu ta New Bell mukan ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Sau da yawa cutar Fakinsan ce: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Wasu abokan aikina kan ce zazzaɓin cizon sauro ne a gaba, wannan kuwa a bar wa Turawa su bincika, mu karɓi sakamako. Ban yarda ba.

An daɗe ana gina ilmin gadon cutar nan a kan jinin Turawa. Akwai sauyin ƙwayar gado ta LRRK2 da ya yawaita a Larabawa da Barbarawan Arewacin Afirka. Aka neme shi a marasa lafiyan Najeriya, ba a same shi ba. Sai a 2023 mujallar Lancet Neurology ta buga binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa, yana kuma sa cutar ta fara da wuri. Yana da yawa a mutanen Afirka ta Yamma, a Turai kuwa da ƙyar ake ganinsa. To, wa zai gano shi a jinin da babu shi? Kuma yanzu haka ana gwajin magungunan da ke aiki a kan GBA1 ɗin. Mu da kakannin yawancinmu daga Kano da Katsina da Sakkwato suka zo fatauci, wa ya duba namu jinin?

A Bamako a 2008 gwamnatoci sun amince su ware kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya don bincike. A cika alkawarin. A ba Jami'ar Duwala da asibitin Laquintinie kaso, su buɗe rajistar masu cutar, su adana samfurin jini a nan gida. A koya wa ma'aikatan jinya na unguwa gane alamunta, tunda ido da tambaya ne farkon ganewa. Maganin cutar, levodopa, tun shekarun 1960 ake da shi. Abin kunya ne dattijo ya riƙa raba ƙwaya biyu saboda tsada.

Sai karara, wadda manoma ke gudu saboda ƙaiƙayi. 'Ya'yanta na ɗauke da levodopa, an kuma gwada garinsu a kan marasa lafiya a Boliviya da Gana. Kada kowa ya haɗa wa kansa, domin yawan sinadarin ya bambanta daga iri zuwa iri. Cibiyar IMPM ta Yawunde aka kafa don binciken tsirran magani. A ba ta kuɗi ta auna kararar Kamaru, ta fitar mana da ma'aunin sha.