Jawabi Kan Aikin Masanin Tattalin Arzikin Noma da Haƙƙin Mallakar Iri



Tun kaka da kakanni manomi yakan ware mafi kyaun zangarniya a lokacin girbi, ya adana ta a rumbu don shukar baɗi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa wa ya ba shi izini. A yau kuwa iri da yawa suna da masu su a idon shari'a. Sabo da haka ƙasa tana bukatar masanan da suka san lissafin gona, suka kuma san dokokin mallakar iri.

Ɗalibin da ya zaɓi wannan hanya yakan yi shekara 5 a jami'a yana karatun aikin gona. Bayan bautar ƙasa sai ya nemi digiri na biyu da na uku, ya fara koyarwa, ya yi ta bincike da rubutu har ya kai muƙamin farfesa. Amma ilmin nan a gona yake farawa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa cikin 1922, ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. A can ne David Norman da abokan aikinsa, tun daga 1965, suka riƙa bin ƙauyukan ƙasar Zariya suna auna gonaki da lissafa ƙwadago. Binciken ya nuna cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ya sa shi ba, domin yakan fi samun riba, in kuma wani amfanin ya ƙi, wani ya cece shi.

Daga baya aikin ya ƙara faɗi. Cikin 1980 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Ananda Chakrabarty, ta yanke hukunci cewa ana iya ba mutum takardar mallakar ƙirƙira a kan abu mai rai da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Illar hakan ta fito sarari cikin 2000, lokacin da Ingo Potrykus da Peter Beyer suka samar da shinkafa mai sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Da aka bincika, sai aka tarar dabarun da suka yi amfani da su sun shafi takardun mallaka kusan 70. Sai da aka sasanta da masu su kafin a yi maganar kai ta ga matalauta.

Nijeriya ma ta shiga wannan fage. Cikin 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda masanan Samaru suka samar don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Ƙwayar halittar da ke cikinsa daga kamfanin Monsanto ta fito, an kuwa same ta ba tare da biyan kuɗin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Har wa yau, cikin 2021 aka sa hannu a kan dokar kare sababbin nau'o'in iri, wadda ta ba mai ƙirƙira haƙƙi na shekara 20, ko 25 ga itatuwa.

A nan ne aikin masanin yake. Shi zai lissafa ko kuɗin sabon iri ya yi daidai da abin da manomi ya rage na feshi. Shi zai ba Gwamnati shawara yadda mai ƙirƙira zai ci gajiyar wahalarsa ba tare da an hana ƙaramin manomi ajiye iri ba. In aka rasa irinsa a wurin ƙulla yarjejeniya, wasu ne za su rubuta sharuɗɗa, manomi ya biya.

Don haka ana kira ga iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwar shiga wannan fanni. Manoma kuma su riƙa tambayar malaman gona asalin kowane iri da sharaɗinsa kafin su saya.