Ɗalibin Falasɗinu Da Haƙƙinsa A Kanmu

 Ya ku malamaina da iyayena, ya ku 'yan'uwa da kuka taso daga Rabah da Goronyo kuka same mu nan Wurno.

Maganar Falasɗinu ba baƙuwa ba ce a masallatanmu, mun yi alƙunuti, mun zubar da hawaye. Abin da nake son mu tsaya a kansa yau mutum ɗaya ne daga cikin mutanen Gaza, wato ɗalibin jami'a wanda yaƙi ya yanke wa karatu, ya samu hanyar ƙarasawa a wata ƙasa, amma ya rasa mai kama hannunsa ya kai shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, babu jami'a ɗaya a Zirin Gaza da ta tsira daga rushewa ko mummunar ɓarna. Jami'ar Musulunci ta Gaza, wadda aka kafa a 1978, an yi mata ruwan bama-bamai tun a makon farko. Shugabanta, Farfesa Sufyan Tayih, masanin kimiyyar fiziya, an kashe shi tare da iyalinsa a watan Disamba na wannan shekarar. Jami'ar Isra'i kuwa, sojojin Isra'ila sun mayar da ita sansani, sannan suka tarwatsa ginin da nakiya a Janairun 2024. Malaman da suka rage sun yi ta ƙoƙarin koyarwa ta intanet daga cikin tantuna, Allah Ya saka musu. To amma mai karatun likita ba ya koyon duba majiyyaci ta wayar hannu, haka mai karatun injiniya ba ya rabuwa da ɗakin gwaji. Irin waɗannan dole sai sun fita.

Fitar kuwa ita ce masifa ta biyu. Kafin watan Mayu na 2024, lokacin da sojojin Isra'ila suka kame ɓangaren Falasɗinu na mashigar Rafah, masu shirya ƙetarawa zuwa Masar suna karɓar kimanin dala 5,000 a kan kowane baligi. Wanda ya ƙetara ma bai gama ba, domin da yawa sun zauna a Alƙahira ba takardar izinin zama, ba damar shiga makaranta, ba damar aiki. Ɗalibi yana buƙatar jami'ar da za ta rubuta masa takardar karɓa, da biza, da kuɗin jirgi, da abin da zai ci. Kuma takardun sakamakonsa na shekarun baya, waɗanda kowace jami'a za ta fara tambaya, wataƙila suna ƙarƙashin ɓaraguzan ofishin da ya ba da su.

Wannan hali mun ɗanɗana shi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya tashi a Khartum, ya rutsa da dubban ɗaliban Nijeriya, mafi yawansu 'ya'yan Arewa, da yawa daga cikinsu a Jami'ar Afirka ta Duniya. Ku tuna yadda iyaye suka kwana riƙe da waya, yadda aka kwashe yaran a motocin safa suka ratsa hamada, suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar ba a bar su sun shiga ba, har jiragen farko suka sauka Abuja a farkon watan Mayu. Bayan an gama murnar dawowa sai tambaya ta taso, wace jami'a za ta karɓi ɗan aji huɗu ba ta mayar da shi aji ɗaya ba? Amma namu suna da ƙasar da ta aika musu jirgi, suna da gidan uba da suka tarar a tsaye. Ɗalibin Gaza ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, kuma ba na ganin laifinsu. Za a ce: Malam, mu da gobara ke ci a gidanmu? Gaskiya ne. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, inda aka kashe fiye da mutum 40. Ba mu manta da mutanen Tabanni da suka gudo Gandi a 2018 ba. Akwai 'ya'yanmu da suka bar makaranta saboda an kore iyayensu daga gonakinsu, kuma haƙƙinsu shi ne a gaba, babu jayayya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ma sun ce ana raba zakka ne a wurin da ta wajaba. Sai dai su ɗin ne kuma suka halatta a kai ta wani gari idan mutanen can sun fi tsananin buƙata. Kuma cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa akwai ibnus sabil, matafiyin da guzurinsa ya yanke, wanda ake ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. To ina ga wanda garin nasu ma ya zama kufai? Sannan zakka ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Manomin shinkafa a fadamar nan yana fitar da zakkarsa, mai albasa da tafarnuwa kuwa, a mazhabarmu babu zakkar amfanin gona a kan abin da ya noma, alhali wani lokaci ya fi mai shinkafa samu. Ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take gare shi, kuma ita ba ta da iyakar gari.

Wata shubuhar ta fi wannan nauyi. Wasu suna cewa fitar da matasa daga Gaza taimakon masu son a kwashe mutanenta ne, a bar musu ƙasa. Wannan tsoro yana da asali, domin waɗanda aka fitar a 1948 ba a bar su sun koma ba. A ganina, amsar tana cikin irin taimakon da za a yi. Ɗalibi ne za a ba gurbi ya ƙarasa iliminsa, ba iyali za a sauya wa ƙasa ba, kuma Gaza da aka kashe mata likitoci da malamai tana buƙatar wanda zai gaje su. Lokacin da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, littattafansa na cikin abin da aka ɗora wa raƙumi, kuma da wannan ilimin aka gina abin da ya biyo baya. Garin nan da muke zaune, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina shi ne ribaɗi, ya tara malamai da ɗalibai a cikinsa, a nan ya rasu a 1837. Falasɗinawa ma ƙasar ribaɗi suke kiran ƙasarsu.

Wasu sun riga mu. A 2024 Afirka ta Kudu ta karɓi ɗaliban likitanci na Gaza fiye da 20 domin su ƙarasa shekararsu ta ƙarshe a jami'o'inta. Pakistan ta karɓi fiye da 100 a wannan shekarar, aka ɗauko su daga Alƙahira, kuma ƙungiyoyin agaji ne suka tsaya a kan lamarin. Ingila da Ailan ma sun fitar da wasu a 2025. Mu kuwa muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da kwalejin likitanci da asibitin koyarwa, tafiyar da ba ta kai ta wuni ba daga nan.

Abin da nake roƙo ɗan kaɗan ne. Kada mu ce za mu ceci Gaza, mu ce ɗalibi ɗaya. 'Yan'uwanmu da ke koyarwa a jami'a su rubuta wa hukumominsu su nemi gurbi da sassaucin kuɗin makaranta, a kuma duba yadda za a tantance karatun da ya riga ya yi. Ƙananan hukumomin nan uku su ɗauki nauyin jirginsa da masaukinsa da cinsa har ya gama, ba na wata uku ba, domin yasar da baƙo a tsakiyar hanya ya fi ƙin ɗauko shi muni. Kuma ina gargaɗi, kada kowa ya tura kuɗi ga wani suna da ya gani a Facebook saboda hoto ya sa shi kuka. Mayaudara sun shiga wannan fage, suna cin abincin marayu. A nemi shaidar jami'ar da ya fito, a biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, a rubuta kowace naira a karanta wa jama'a.

Bayan sallar La'asar ina roƙon wakilai biyu-biyu daga Wurno da Rabah da Goronyo su tsaya mu zauna, mu tsara wasiƙar farko. Allah Ya yaye wa 'yan'uwanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.