Aƙida A Bakin Aiki



An nemi in yi magana a kan yadda abin da mutum ya gaskata a zuciyarsa yake shafar aikinsa a ma'aikata. Ran da za a ɗauke ku aiki za a nemi takardar digiri, da ta haihuwa, da ta likita, da ta ƙaramar hukuma. Ba wanda zai tambaye ku wa kuke tsoro idan an rufe ƙofa ya rage daga ku sai fayil ɗin wani talaka. Alhali kuwa wannan abin da ba a tambaya shi ne zai riƙa tuƙa ku shekara talatin da biyar. Don haka zan kawo muku labari biyu, ɗaya na mutanenmu, ɗaya na Turawa, sa'an nan mu komo ofis mu auna kanmu da su.

Na farko daga unguwar Sabo ta Ibadan yake, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta daga 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya tarar shi ne, falke yakan kawo shanunsa daga Arewa ya sauka wurin maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya. Haka kuma huhunan goro suke tafiya Arewa. Dukiya mai yawan gaske tana kai da kawowa tsakanin mutanen da ke nesa da juna, ba banki a tsakani, ba lauya, sai baki da baki.

Me ya riƙe wannan harka? Amana. To, amanar kuma me ya riƙe ta? A farkon shekarun 1950 yawancin mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka soma yin Juma'arsu dabam a unguwarsu. Maigida da dillali da yaron gida suka zama suna haɗuwa kullum a wurin salla da wazifa. Wanda ya ci amanar abokin ciniki da safe, da shi zai haɗa kafaɗa a sahu da magariba, malaminsa kuma zai ji labari. Watau aƙida ta yi musu aikin da kotu da takarda suke yi wa wasu.

Amma fa ku lura da ɗaya gefen. Katangar da ta tsare amanar 'yan ciki ita ce ta tsare na waje daga shiga sana'ar. Wannan yana iya yiwuwa a zango, inda dukiyar ta masu ita ce. A ma'aikatar gwamnati kuwa, inda dukiyar ta kowa da kowa ce, irin wannan katanga sunanta son kai.

Labari na biyu daga Ingila yake. Kusan kowa a nan ya taɓa shan Bournvita. Sunan ya samo asali daga Bournville, wani wuri a gefen birnin Bamingam inda Richard da George Cadbury suka mai da masana'antarsu a 1879. Mahaifinsu John ya fara da kantin shayi da gahawa da kokon cakulan a 1824. Gidan nan mabiya wata ɗariƙa ce ta Kirista da ake kira Kweka, waɗanda ba sa rantsuwa, domin a ganinsu maganar mutum ta yau da kullum ya kamata ta zama gaskiya ba sai ya rantse ba. Wannan ya sa jama'a suka yarda da su a ciniki, har bankunan Barclays da Lloyds ma daga irin gidajensu suka tsiro. Saboda aƙidarsa, George ya gina gari mai gidaje da lambuna da filayen wasa kusa da masana'antar, ba gidan giya ko ɗaya, a 1900 kuma ya damƙa shi ga kwamitin amintattu ya cire hannun iyalinsa daga ribarsa.

Sai jarrabawa ta zo. A 1901 labari ya iske kamfanin cewa kokon da suke saye daga tsibirin Sao Tome, wanda Fotugal ke mulka, mutanen da aka kwaso daga Angola ne suke noma shi, da sunan ƙwadago amma a haƙiƙa bauta ce. Kamfanin ya aika da mai bincike a 1905, ya kuma yi ta kai kuka ga hukumomi, yana cewa in ya daina saye bakinsa zai daina tasiri. Bai janye ba sai 1909, bayan ya soma samun koko daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Da wata jarida ta zarge su da fuska biyu suka kai ta ƙara suka yi nasara, amma diyyar da aka ba su rubu'in kwabo ce tak. Shekara takwas ke nan mutanen kirki, masu ƙin bauta tun kaka da kakanni, suna neman hanyar da za su tsira da aƙidarsu ba tare da sun rasa cinikinsu ba. Ban kawo wannan don in zarge su ba. Na kawo shi ne don ku san cewa aƙida ba ta nuna nauyinta sai ranar da bin ta zai jawo hasara.

To, mu komo gida. Ba mu rasa masallatai da ɗakunan addu'a a ma'aikatunmu ba. Ana buɗe taro da addu'a a rufe da addu'a, manya kuma suna rantsuwar kama aiki da Alƙur'ani ko Baibul a hannu. Duk da haka, tsoho ɗan fansho yakan yi wata da watanni yana sintiri, ana ce masa fayil ya ɓata, har sai ya gane abin da ake nufi. Wannan ciwo ba sabo ba ne. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗabi'un azzaluman masu mulki na zamaninsa, daga cikinsu har da abin da ake kira gaisuwa, watau abin da ake miƙa wa mai iko kafin ya duba bukatar mutum. Yau shekara fiye da ɗari biyu, an sake mata suna kawai: goro, na shan ruwa, ihsani.

Lokacin da nake ƙaramin akawu, teburina yana kusa da na wani dattijo Kirista. Ranar Juma'a shi yake tsare mini aikina, lokacin Kirsimeti ni nake tsare masa nasa. Wata Juma'a na tafi masallaci da ƙarfe ɗaya, daga can na zarce gida na ci tuwo na kwanta. Ran Litinin ya gaya mini cewa wata gwauruwa ta jira sa hannuna har aka tashi, ta kwana a tasha don ba ta da kuɗin komowa sau biyu. Ya tambaye ni a hankali ko addinina ne ya ce kada in dawo. Ban sami amsa ba, domin na san ba haka ya ce ba.

Saboda haka ina ba ku ma'auni uku. Na farko, lokacin aiki amana ne, albashi kuwa kuɗin wannan lokaci ne. Wanda ya fake da ibada ya gudu daga aiki ya cuci jama'a ya kuma shafa wa addininsa baƙin fenti. Na biyu, ku dubi yadda kuke yi wa wanda ba naku ba. Tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama nata a sashe na 10, ya ba kowa 'yancin addininsa a sashe na 38, ya hana nuna bambanci a sashe na 42. In fayil ɗin Musa yana gudu a hannunka na Bulus yana rarrafe, ko na Bulus yana gudu na Musa yana rarrafe, ka mai da ofishin jama'a zangonka. Na uku, ku yanke wa kanku tun yanzu abin da ba za ku sa wa hannu ba ko da za a hana ku ƙarin girma ko a tura ku ƙauye. Wanda ya bari sai takardar tana gabansa, shugabansa yana tsaye a kansa, kuɗin makarantar 'ya'ya kuma yana jira, to, shi ma zai sami hujjar jinkiri, kuma nasa zai iya wuce shekara takwas.

'Yan'uwana, ramin ƙarya ƙurarre ne, aikin gwamnati kuwa doguwar tafiya ce. Mutanen da za su yi layi a gaban teburinku ba za su ga zuciyarku ba, ba kuma za su ƙirga sallolinku ko zuwanku coci ba. Abin da za su gani shi ne ko an sallame su cikin mutunci ba tare da sun sa hannu a aljihu ba, da wannan kuma za su yi wa abin da kuka gaskata hukunci.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.