Hutun Iyalin Malami: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu, a Ƙofa



Shugaban reshe, sakatare da sauran shugabanni, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka daure suka halarta: barkanmu da ganin ƙarshen wannan zango lafiya.

An ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda malami zai fita da iyalinsa yawon buɗe ido a lokacin hutu, alhali aljihu ba nauyi. Na san akwai mai cewa a ransa: mutumin da albashinsa kan ƙare kafin ashirin ga wata, ina shi ina yawon shaƙatawa? Wannan tambaya tana kan hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, masara da shinkafa suka bi bayansa. Mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da Gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 ya rage raɗaɗi, amma kasuwa ta riga ta yi nisa.

Duk da haka, ina roƙon mu yi wa kanmu wata tambaya. Shekara nawa muka yi muna zana madatsar ruwa ta Tiga a kan allo, muna sa yara su haddace sunanta? A cikinmu mutum nawa ne suka taɓa riƙe hannun 'ya'yansu suka tsayar da su a gabanta? Mu ne muke koyar da cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma gani ya kori ji, sai ga shi 'ya'yan cikinmu ji kawai suke yi. Yaron da ya tashi bai san komai game da aikin mahaifinsa ba sai jan biro da jiran albashi, zai girma yana ɗaukar koyarwa a matsayin hukunci. Ranar da aka ce masa ya nemi kwalejin ilimi, shi ne farkon mai gudu. Saboda haka maganar hutu ta shafi tarbiyyar gidajenmu, ta kuma shafi wanda zai gaji allin da ke hannunmu.

Sa'ar da muka yi ita ce, abin da mutane ke tasowa daga nesa su gani yana bayan gidanmu. An kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano wanda ya ratso dajin Falgore. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama ke fitowa. Daga nan kogin ya haɗu da Challawa, ya zama Kogin Haɗeja, ya nufi gabas ta hanyar da ke ƙarewa a Tafkin Chadi. Wannan darasi ne na zango guda, amma uba zai gama bayaninsa a tsaye kafin fura ta huce sanyinta. A ƙaramar hukumarmu ta Bebeji kuma akwai Tafkin Bagauda, mai ɗauke da sunan sarkin da tarihin Kano ya fara lissafi da shi, kuma a nan ne reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Najeriya yake. Yarinyar da ta ga tsararrakin yayyenta mata suna shiga wannan ƙofa, ba ta buƙatar dogon wa'azi a kan amfanin karatu.

Wanda ya fi haka ƙarfi, ya bi ta Kwanar Ɗangora ya ɗauki hanyar Tudun Wada, ya ratsa Falgore, ya isa Riruwai, hedikwatar Doguwa. Can zai nuna wa yara duwatsun da ba mu da irinsu a nan, da ƙasar da aka daɗe ana haƙar kuza tun zamanin Turawa, da magangarar ruwa ta Zainabi. Wanda kuma ya fuskanci birni, ga Dutsen Dala, ga marinar Ƙofar Mata, ga Kasuwar Kurmi da Gidan Makama masu komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga gidan namun daji na Audu Baƙo. Mu malamai kada mu tsallake Gidan Ɗan Hausa, domin a Nasarawa ne Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Ya dace ɗan malami ya ga inda sana'ar gidansu ta soma a ƙasar Kano.

To, yaya za a yi da kuɗi? Kowace tafiya baki uku gare ta: mota, abinci, da makwanci. Idan aka toshe biyu, na ukun ba zai gagara ba.

Makwanci shi ne mafi sauƙin toshewa. Tiga da Bagauda tafiyar yini ce: a fita bayan asuba, a dawo kafin magariba. Inda kwana ya zama dole, kamar Riruwai, mu tuna cewa zumunta a ƙafa take, kuma babu garin da ba mu da ɗan'uwa malami a cikinsa. Iyalin Ƙofa su sauka gidan malamin Doguwa a wannan hutu, hutu mai zuwa shi ma ya kawo nasa a shimfiɗa masa tabarma. Sai dai a sanar da mai masauki tun da wuri, a tafi masa da mudun hatsi da ɗan mai, kuma kada a wuce kwana biyu, domin albashinsa irin namu ne.

Abinci a tafi da shi daga gida. Dambu a kula, fura, zoɓo ko kunun aya a jarka, ruwan sha wadatacce, sai rake ko gyaɗa na hanya. Abin da ke cinye guzuri shi ne ƙananan saye-saye a tasha, da tsaraba. A yanke kuɗin tsaraba tun a gida, a faɗa wa yara adadinsa, a kuma bar babban cikinsu ya riƙe lissafi a littafi. Ya koyi tattali, ya kuma rage wa uba yawan roƙo. A nan ina jan hankalin 'yan'uwana maza: idan uwargida ta kwana tana girki, ta yini tana rabon abinci da goyo, ta dawo ta tarar da wanke-wanke, to mu muka huta, ita aiki ta ƙaro. A raba aikin tsakanin manyan yara maza da mata, maigida ma ya kama. Malamai mata da ke cikinmu, masu haɗa aji da murhu, sun fi kowa cancantar wannan yini.

Mota ita ce babban baki, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida uku ko huɗu su haɗu su ɗauki bas shata, a daidaita da direba a tasha kwanaki kafin tafiya, a ranar da ba ta kasuwa ba, a kuma tsayar da magana a kan lokacin dawowa. Kuɗin kuwa a tara shi sannu a hankali. Wanda ya ware naira 2,000 duk wata daga Satumba, zuwa ƙarshen Yuli yana da 22,000. Gida huɗu sun tara 88,000 ke nan. Adashi ba baƙonmu ba ne. Abin da ya rage shi ne mu buɗe wani da sunan yara, mu kuma ɗaure kada ya zama kuɗin anko. Gargaɗina ɗaya ne: kada a ci bashi domin hutu. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da za a riƙa yanka daga albashi wata shida saboda yini ɗaya a bakin ruwa, hutun ya koma wahala. Idan abin da aka tara bai kai birni ba, a tsaya Tiga. Idan bai kai Tiga ba, a jira hutu na gaba.

Lokaci ma kuɗi ne a wurinmu, tunda yawancinmu manoma ne. Dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, ga noma, ga koguna a cike, ga hanyoyin ƙauye sun jiƙe. Hutun Afrilu kuwa zafi. Hutun Disamba ya fi dacewa: an yi kaka, rumbu da ɗan abin taɓawa, hanya ta bushe, sai dai a sa wa yara rigunan sanyi.

Akwai abin da ya fi kuɗi, shi ne rai. Ba mu manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aka rasa rayuka fiye da ashirin, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Kada yaro ya shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ko wanda babu rigar ruwa a cikinsa, kada kuma a bar kowa ya yi wanka a madatsa ko a magudanan noman rani. Kowane babba a damƙa masa yaran da zai lura da su, a ƙirga su wajen hawa da wajen sauka. Dajin Falgore kuwa da rana ake ratsa shi. A tuntuɓi 'yan'uwanmu na Tudun Wada da Doguwa a ji halin da hanya ke ciki kafin a tashi, kuma kada a kutsa cikin daji ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba. Idan suka ce a dakata, a dakata.

Daga ƙarshe, ina miƙa wa shugabanni shawarwari uku. Na ɗaya, reshe ya kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, da mata a ciki, wanda zai riƙe adashin hutu a rubuce. Na biyu, a tuntuɓi rassan Kiru, Tudun Wada da Doguwa a tattara sunayen malaman da suka yarda da musayar masauki. Na uku, sakatare ya riƙa rubuta takardar gabatarwa ga hukumomin wuraren da za a ziyarta, domin neman izini da rangwamen kuɗin shiga ga ayarin yara. Ƙungiyar nan tun 1931 take fafutukar haƙƙin malami a ƙasar nan. Za mu ci gaba da neman ƙarin albashi da ƙarin girma a kan kari, amma yaranmu ba za su daina girma su jira ranar da za a biya ba. Wanda ke aji uku yau, gobe ya tafi sakandare.

Ina fata idan aka koma makaranta aka ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa, ɗan malami zai cika shafinsa ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba.

Allah Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.