Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Nazarin Yanayi da Noma

 

Dattawan da ke zauren nan ba su manta da farin 1973 ba, shekarar da rumbuna suka ƙare, shanu suka zube a bakin rijiyoyi. Bayan wannan masifa ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai cikin 1974, domin ƙasashen Sahel su riƙa auna ruwansu, su san halin daminarsu. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma har yanzu sai ka ratsa ƙauyuka da dama ba ka ga ko ma'aunin ruwan sama guda ba. Inda ba a auna ba, hasashe yakan zama lalube cikin duhu.

Wani ilimin kuma yana nan, bai isa gona ba. Manomin da ya yi binne, ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako uku, ba ya buƙatar rahoto mai shafi ɗari da Faransanci ko Turanci. Abin da yake so a gaya masa a rediyo, da harshensa, shi ne: ya sake shuka yau ko ya dakata?

Shi ma manomin yana da abin da littattafanmu suka rasa. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka fara barin kututturan gawo da sabara su toho a gonakinsu, abin da suke kira sassaben zamani. Sai bayan shekara ashirin masana suka gano ta hotunan tauraron ɗan'adam cewa itatuwa sun dawo a kusan hekta miliyan biyar a Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka, 'ya'yana, ku kafa ma'auni a inda babu, ku rubuta kowane ruwa da ya sauka. Ku zauna kan tabarma da manomi da makiyayi da matan da ke noman rani, ku saurara kafin ku ba da shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya ba mu damina mai albarka.